Maɓallai Tara da Carbin Mama

Jama'a, ku yi mini afuwa na kwana biyun da na ɓace. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ina nan a kujerata kusa da taga inda kika bar ni. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa kuma, ba da hannu nake rubuta muku ba. Da baki nake faɗa, waya tana rubutawa, don haka in kun ga kalma ta karkace ita za ku tuhuma.

Shekara bakwai ke nan da ciwon da likitoci ke kira MS ya same ni. Yadda aka bayyana mini, garkuwar jikina ce ta rikice, ta koma tana gwaguyar rigar jijiyoyina yadda ɓera ke yi wa robar wayar wuta. Ya fara da ido, ya gangara ƙafa. Daga sanda na koma ƙarfen turawa, daga nan sai kujera mai taya. Yanzu hannun hagu ya yi murabus gaba ɗaya, na dama kuma ranar da ya ga dama yake zuwa aiki. Ni da nake riƙe alli tun safe har azahar a gaban yara arba'in, yau Mama ce take ɗaura mini ɗankwali.

Sai kuma Mai Agogo. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da tabarau, kuma a can na kai masa agogon bangon ajinmu lokacin ina dogara sanda. Ya gyara agogon cikin kwana ɗaya, amma sai da ya sa na yi sawu huɗu kafin ya ba ni. Shekara uku ke nan yana zuwa gidanmu duk Asabar bayan la'asar, da farar rigarsa mai ɗigon mai a bakin aljihu, yana neman aurena. Mahaifiyarsa, Hajiya, ba ta taɓa cewa a'a ba. Abin da take cewa ya fi a'a ciwo: "Ni ban ƙi ba, a dai bari yarinya ta samu sauƙi."

Wane sauƙi, Hajiya? Ciwona ba ya juyawa baya. Amma wa zai faɗa mata?

Wata uku da suka wuce likitata ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Duk ranar da ta yi haka na san magana ce mai nauyi.

"Malama, magungunan da aka yi don ciwonki mun gwada su, kuma a matakin da kike sun daina yin wani abin kirki. Akwai wani, amma ba don ke aka yi shi ba. Na wata cuta ne daban. Ko kin karanta takardar kwalinsa daga sama har ƙasa ba za ki ga sunan ciwonki ba. Wasu likitoci sun ba masu irin lalurarki ɗan kaɗan daga cikinsa. Wasu sun ce sun ji dama, wasu ba su ji komai ba. Ban yi miki alkawari ba, kin ji ko?"

Na ji. Mama kuwa, cikin duk bayanin nan, kalma uku kawai ta ɗauka ta ƙulle a bakin mayafi: sun ji dama.

Na sa hannu a takarda, in dai wannan jagwalgwalon za a kira sa hannu. Sannan likita ta ba mu aikin gida. Kowace safiya a zuba maɓallai tara a faranti, in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da hannun dama in jefa a kofi, a duba tsawon lokacin da na ɗauka, a rubuta a littafi.

"Bayan wata uku ku kawo mini littafin. In lamba ta sauka mu ci gaba. In ba ta sauka ba mu tsaya, ba zan yi ta ɗura miki abin da ba ya amfani ba. Kuma kada ki tsorata in kika fara mafarkai masu yawa, yakan sa haka."

Mafarkai! Ai da ta san irinsu da ba ta faɗa a gurguje haka ba. Tun kwana na uku na fara tafiya. Ina nufin tafiya da ƙafa, jama'a. Na ga kaina a barandar makarantarmu ba takalmi, siminti yana da sanyi, ina jin kowane tsaguwa a tafin ƙafata. Wata rana na hau tsani ina rataye labule a wani ɗaki da ban sani ba, iska tana kumbura labulen, ni kuma ban ji tsoron faɗuwa ba ko kaɗan. Wata rana na bi wata hanya mai itatuwa, na yi ta tafiya har cinyoyina suka yi tsami, irin tsamin nan mai daɗi da na manta akwai shi a duniya. In na farka sai in ƙi buɗe ido, in kwanta lamo, ina lallaɓa abin kada ya zube. Har yini nakan yi rabina yana can. Mama tana magana, ina kallon hasken da ke yawo a labule, ina amsa mata da "uhm".

A cikin wannan yanayin muke yin gwajin maɓallai. Mama ta tsinto su daga tsohon gwangwanin zarenta, ba biyu da suka yi kama: akwai na kwat ɗin marigayi Baba, akwai wani ja mai siffar fure daga rigar yarintata. Ranar farko ta ce za ta duba lokaci da waya. Ta danna, sai ga muryar mai kawo mana gas yana "Salamu alaikum, Mama, ya ƙare ne?" Ta sake dannawa, ta ɗauki hoton ƙafarta.

"Kai, wannan abu ba zai raina ni ba," ta ce, ta jawo carbinta. "Auta, fara. Kowace ƙwaya Subhanallahi ɗaya. Ai lissafi lissafi ne."

Ranar ta rubuta ɗari da tamanin da huɗu. Bayan mako biyu, ɗari da sittin. Wata guda, ɗari da ashirin. Mama ta fara yin waƙa a kicin, matar da rabon in ji ta yi waƙa tun Baba yana raye. Duk Asabar in Mai Agogo ya zo sai ta sa in maimaita gwajin a gabansa, tana ja tana murmushi, shi kuma yana zaune a bakin kujera ya ɗan juya tsintsiyar hannunsa, kamar yadda ya saba yi ko gaisawa ake. Ranar da lamba ta sauka zuwa saba'in da tara, Mama ta yi wanka, ta fesa turaren da take ɓoyewa a ƙasan akwati, ta kira Hajiya da kanta.

"Ta ce za ta zo ranar Asabar," in ji Mama. "Da ƙafarta, Auta. Ta ce a nuna mata littafin, in haka ne ita ba ta da sauran magana."

Ku tambaye ni ko na ji sauƙin a jikina. Gaskiya ban ji ba. Amma mutumin da ke tafiya kowace rana a mafarki ba ya wuyar yarda. Na ce wa kaina wataƙila sauƙi haka yake zuwa, a lamba tukuna, sannan a jiki.

Ranar Alhamis da safe, maɓalli na biyar ya suɓuce ya faɗa cinyata. Na tsaya ina jiran yatsuna su tuna aikinsu. Ɗakin ya yi tsit, fanka ma a kashe take. A nan ne, karo na farko cikin wata uku, na saurari abin da Mama take faɗa.

"Subhanallahi wa bihamdihi, Subhanallahil azim. Ya Allah ka dubi hannun nan. Ya Allah marainiya ce."

Ƙwas. Ƙwaya ɗaya.

"Subhanallahi wa bihamdihi, Subhanallahil azim. Ya Allah ka sassauta mata, ka ba ni nata ciwon."

Ƙwas. Ƙwaya ta biyu.

Sai na gane. Ranar farko Subhanallahi kawai take cewa, da sauri da sauri, kamar mai tsoron a ƙwace mata. Yanzu kowace ƙwaya tana ɗauke da addu'a guda cur. Ba hannuna ne ya yi sauri ba. Carbin Mama ne ya rage gudu.

"Saba'in da ɗaya!" ta ce da na gama, ta sumbaci goshina. "Kin ga ikon Allah?"

Na ce na gani. Da ta fita na matso da bakina kusa da waya, na aika wa Mai Agogo saƙo.

"Gobe ka zo. Ka zo da agogonka mai gaskiya."

Amsa ta shigo nan take: "Duk agogona masu gaskiya ne, Malama. Lafiya dai?"

"Ka dai zo."

Ya zo ranar Juma'a da yamma, daidai lokacin da Mama ta leƙa maƙwabta aron kofunan baƙi. Na nuna masa faranti da haɓa. Bai tambayi komai ba, ya zuba maɓallan, ya juya hannu. Na fara. Wallahi na ba abin nan duk ƙarfina, har gumi ya jiƙa wuyan rigata. Da na tara ya faɗa kofi na ɗago.

"Nawa?"

"Minti uku da daƙiƙa goma sha biyu."

"Da ma akwai wanda ya duba a farko, da mun gwada."

Ya sunkuyar da kai yana murza ɗigon man aljihunsa. "Asabar ta farko, minti uku da daƙiƙa biyar ne."

Na daɗe ina kallonsa. Ashe juya hannun nan da yake yi ba sabo ba ne kawai.

"Duk Asabar kana dubawa?"

"Ba da niyya ba. Idona ne ba ya iya ganin abu yana tafiya bai auna ba."

"Wato wata uku kana zaune a nan kana kallona ina washe baki kamar wawiya."

"Malama..."

"Kar ka Malama ni! Me ya hana ka magana?"

"A shago, in mutum ya shigo da agogo a hannunsa yana latti, ba na cewa komai sai ya cire ya miƙo mini. Haka aka koya mini. Wani ya san yana latti, yana son abinsa a haka." Ya ja numfashi. "Kuma na ga Mama tana dariya. Shekara uku ina shigowa gidan nan, ban san tana da wushirya ba sai bana."

Na so in ci gaba da fushi, amma maganar wushiryar ta karya ni. Na haɗiye kuka na ce, "Hajiya fa? Ita ma wushiryarta kake jira?"

Ya ce, "A nan na yi son kai. Na ga ta sauko, na ce bari a ɗaura tukuna, daga baya ta gani da idonta. Ni ban taɓa jiran ki warke ba, kin sani. Ita nake jira."

"Daga baya ta gani, ta ce mun haɗa baki mun yaudare ta. In zauna a gidanta tana kallon hannuna kowace safiya tana jiran abin da ba zai zo ba. Haka kake so?"

"A'a."

"In na faɗa kuma, wataƙila shi ke nan."

"Wataƙila," ya ce, bai yi mini ƙarya ba. "Duk wanda kika zaɓa, ina zaune a kujerar nan."

Ga laifina, jama'a, kuma ku faɗa mini duk abin da kuka ga dama a ƙasa. Ya kamata in gaya wa Mama a ranar, mu biyu, ƙofa a rufe. Na buɗe baki ya fi sau biyar. Amma tana tsaye tana goge mini doguwar rigata ruwan zuma, tana bin kowace tattara a hankali, tana waƙarta ƙasa ƙasa. Na kasa. Na ce gobe da safe. Da safe kuma na farka daga wani mafarki da nake gudu a cikin ruwan sama, na kwanta ina lallaɓa shi har lokaci ya ƙure.

Mama ta shirya ni kamar ranar ce ranar. Ta ɗaura mini ɗankwali sau uku kafin ya yi mata, ta sa mini 'yan kunnenta na zinariya, ta zizara mini kwalli, ta lulluɓe hannun hagu da gefen mayafi kamar ba da gangan ba. Har tayoyin kujera ta goge. Falo ya sha turare, kofunan aro suna jere a tire, littafin kuma yana tsakiyar tebur a kan ɗan farin ƙyalle.

Hajiya ta shigo da sallama, doguwa, cikin shuɗin mayafi, jakarta a maƙale a hammata, ɗanta yana biye. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida. Ta dube ni ta ce, "Sannu 'yata, ya ƙarfin jiki?" Ta kurɓi shayi sau biyu. Mama ta miƙa mata littafin da hannu biyu.

Hajiya ta sa tabarau tana bin lambobin da yatsa. "Ɗari da tamanin da huɗu... ɗari da ashirin... saba'in da ɗaya. Masha Allah. Kai, masha Allah. To ai ni..."

"Hajiya."

Muryata ce, amma kamar daga wani ɗaki ta fito. Duk suka juyo.

"Hajiya, ki gafarce ni. Lambobin nan ba daidai ba ne. Ban samu sauƙi ba. Jiya an auna da agogo, yadda nake wata uku da suka wuce haka nake, har ma na ɗan ƙara jinkiri. Kuma ba na jin zan samu. Yadda kika gan ni a kujerar nan, haka za a kai ni duk gidan da za a kai ni."

Mama ta yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Auta, wace irin magana ce wannan? Ni da hannuna na ƙirga."

"Kin ƙirga daidai, Mama. Addu'ar ce ta ƙara tsawo. Da Subhanallahi kawai kike cewa. Yanzu kowace ƙwaya sai kin roƙa mini Allah."

Ta dubi carbin da ke naɗe a hannunta kamar yau ta fara ganinsa. Leɓɓanta suka motsa, na san gwadawa take a zuci. Na ga lokacin da abin ya isa gare ta, kafaɗunta suka sauka.

"Ni dai," ta ce a hankali, "kullum ina kallon hannun nan yana wahala a kan maɓalli ɗaya. Sai na ga Subhanallahi ɗaya ta yi kaɗan."

Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu sun shaƙe ni irin na lokacin ba. Na tozarta uwata a gaban baƙuwa, da 'yan kunnenta a kunnena, kuma ko hannun da zan miƙa in riƙe nata ba ni da shi.

Hajiya ta rufe littafin ta ajiye. Ta juya ga ɗanta. "Kai ka san da wannan?"

"Na sani, Hajiya. Tun farko."

"Ka bar ni na yi wanka na taho."

"Na yi kuskure. Amma ko lamba ta sauka ko ta hau, ita nake so."

Ta cire tabarau, ta sa a jaka, ta miƙe. Mama ta miƙe ita ma tana "Hajiya, ko shayin ba ki shanye ba," muryarta duk ta dushe. Hajiya ta nufi ƙofa, sai ta tsaya daidai kujerata. Na ɗauka magana za ta faɗa mini, na shirya kunnena. Sai kawai ta sunkuya, ta buɗe tafin hannunta, ta ɗora babban yatsa a kan tayar dama, ta fara auna faɗin kujerar. Taƙi ɗaya, biyu, uku, da yatsu huɗu. Turarenta ya cika mini hanci. Ta miƙe ta dubi ɗanta.

"Ƙofar ɗakinka taƙi uku ce."

Ta yi sallama ta fita. Ya dube ni, na yi masa alama da ido ya bi ta.

Aka bar ni da Mama. Ta kwashe kofuna, ta dawo ta zare mini ɗankwali, ta zauna a ƙasa ta jingina kanta da gwiwata. Na ce ta yafe mini. Ta ce in rufe mata baki. Can ta ce, "To maganin fa? Likita za ta karɓe ke nan." Na ce ranar Talata za mu kai mata littafin da gaskiyarsa, kuma zan tambaye ta ko tafiyar da nake yi a barci tana da wani matsayi a lissafinsu. In ta ce babu, to babu. Zan yi kewar ƙafafun nan, ba zan ɓoye muku ba.

Maganar Hajiya kuwa na juya ta ta kowace fuska. Taƙi uku. Wato ba zan shiga ba. Wato ta samu hujjar da ta fi "a bari ta samu sauƙi" ƙarfi, hujjar da aka gina da bulo da siminti. Na yi kukana na share a kafaɗa.

Ana kiran magariba waya ta yi ƙara a cinyata. Shi ne. Na kasa buɗewa, yatsana yana ta zamewa a kan gilashin, sai da Mama ta kama shi ta danna mini.

"Tun da muka dawo ba ta ce mini uffan ba. Na gaishe ta ba ta amsa ba, na kai mata ruwa ta kau da kai."

Na rufe ido. Sai wani saƙon ya shigo a bayansa.

"Amma yanzun nan ta shiga maƙwabta ta aro guduma."